Leda Marar Ƙyalli

Juma'a, bayan la'asar

Yaya Kamaru ya zo da motar. Baƙa ce, sabuwa dal, tana sheƙi har na ga fuskata a jikin ƙofarta, kaina ya yi faɗi kamar faifai. Ban tsaya ba, don maza sun cika ƙofar gida. Ta hudar katangar zaure na leƙa sauran.

Tun da aka sauko daga masallaci mutane ke zuwa. Liman ya yi addu'a aka shafa. Yara suka yanyame ta, kowa yana so ya taɓa. Yaya yana dariya, amma idonsa yana kan yatsunsu. Baba Talle, abokin Babanmu, ya zagaye ta yana kaɗa kai, ya ce da ya san riɗi na haifar irin wannan da bai ƙarar da ƙuruciyarsa a noman gero ba. Ya ce wa Yaya, Alhajin Dawanau, ko a but ne ka ɗana ni.

Inna ba ta fito ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Amma na same ta a bakin murhu tana goge ido, ta ce hayaƙi ne. Ba a hura wutar ba tukuna.

Baba ne ya fito a ƙarshe. Lokacin rana tana kan motar sosai. Yana sako ƙafa waje ya kare fuska da hannun riga, ya kau da kai gefe. Ya ce Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Yaya ya buɗe masa ƙofar gaba don ya shiga ya sa albarka. Baba bai matsa ba. Ya ce, "Wannan ƙyalli ya yi yawa. A rage shi." Ya juya ya koma ciki.

Yaya ya daɗe riƙe da ƙofar.

Ni na san dalili.

Asabar, da hantsi

Yaya ya tafi jiya kafin magariba, bai ci tuwon da Inna ta tuƙa dominsa ba. Ni na ɗumama shi yau.

Ni ke kai wa Baba abinci, shi ya sa na sani. Tun farkon damina na fara lura. In na ajiye kofi, hannunsa sai ya sauka a gefe, ya lalubo shi. Ya daina buɗe Alƙur'ani bayan asuba, da ka yake karantawa. Wata rana ya dawo daga masallaci da takalmin wani a ƙafa ɗaya, na mayar a ɓoye.

Ranar da na tsaya kusa da shi da fitila na ga wani fari-fari a tsakiyar idonsa, kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya ji na yi shiru. Ya ce, Uwata, zauna. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana.

Ya ce duniya ta zama masa kamar ana ƙona kara a gona, komai a cikin hayaƙi. A inuwa yana gane mutum da itace. Amma haske mai ƙarfi sai ya soke shi kamar allura, komai ya yi fari fat. Ya ce kada in gaya wa kowa sai an gama kaka. Wai in mutane suka sani za su karɓe masa fartanya su zaunar da shi a zaure kamar baffansa, wanda wani mai magani ya sa wa tsinke a ido ranar kasuwa, bai ƙara ganin komai ba har ya rasu.

Na yi alkawari. Ya sa na maimaita.

Ba zan rubuta sunan abin ba.

Lahadi, da yamma

Yau ma Baba bai je kasuwar Ɗanbatta ba. Ya ce ƙafa ce.

Talata, bayan azahar

Na je famfo. Da ma ban je ba.

Magana ta rabu biyu a gari. Wasu sun ce Malam Shafi'i mutumin Allah ne, ɗansa ya kawo mota ko kallonta bai yi ba, duniya ba ta gabansa, kuma yana tsare wa yaron bakin mutane ne. Wasu kuma suka rage murya da suka gan ni. Sa'adiyya ƙawata ta ja ni gefe ta gaya min sauran. Wai uba ba ya kau da kai daga dukiyar ɗansa haka kawai, sai in ya san wani abu. Wai riɗi nawa mutum zai sayar.

Ta ce, Aina'u, ke da kike cikin gidan, gaskiya ne? Na ce bokitina ya cika. Bai cika ba. Na dawo da rabi, Inna ta yi ta faɗa.

Laraba, da safe

Na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida, na sake sharewa.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Yaya ya dawo. Motar ta riga ta sami karce a gefe, dogo, daga ƙofa zuwa ƙofa. Burtalinmu ne. Yanzu dawa ta yi tsawo ta rufe hanya, ga ƙaya a shinge, ga amalanke. Da ya nuna wa Baba Talle wurin sai da ya ciji leɓe.

Ya ce akwai wani Yahya a Kano da ke manna wa motoci wata leda a kan fenti, siririya kamar ɓawon albasa amma da ƙarfi. In ƙaya ta karce, ledar take samu, fentin yana nan lafiya. Wai ƙaramin karce ma in rana ta buga shi sai ya haɗe da kansa. Baba Talle ya ce, "To ni ma a kai ni a naɗe. Ga gwiwa, ga baya."

Ya kawo samfur a kan wasu baƙaƙen kwalaye kamar tafin hannu. Ɗaya mai ƙyalli, kamar yadda motar take yanzu. Ɗaya tsaka-tsaki, kamar an shafa man gyaɗa an goge. Ɗaya babu ƙyalli ko kaɗan.

Baba yana zaune a zauren, Yaya yana tsugune a bakin ƙofa, amma duk bayanin Baba Talle ake yi wa. Haka suke tun ina ƙarama. Baba ba ya kiran sunansa, yaron nan yake cewa. Yaya ba ya ɗaga ido ya kalle shi. In akwai magana sai ta bi ta kan wani. Da ma yana ɗaga idon, ko sau ɗaya.

A ƙarshe Yaya ya kira ni. Ya ce, Ummi, karɓi, ki ajiye wa Baba ya duba a tsanake, tunda shi ya ce a rage, shi zai zaɓa. Ya faɗe ta a hankali, amma na ji abin da ke ƙarƙashi.

Asabar, da hantsi

Na kai koko da kwalayen. Baba ya ce in sakaya ƙofa.

Ya bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan santsi kamar tangaran, wannan kamar fatar ɗan akuya, wannan kuma kamar ƙwan zabo. Ya yi 'yar dariya. Sai ya ce wanne ne ba ya kashe ido.

Na buɗe taga kaɗan, na riƙa karkata su a hasken. Na farko ya wurga haske a bango, Baba ya runtse ido ya ce ɗauke shi. Na biyu ya ce da sauƙi. Na uku na juya shi ta ko'ina, ya ce, kin fara? Na ce na gama ma. Ya ce to shi ne.

Ya sa na lanƙwasa kusurwarsa don ya gane shi a gaban mutane.

Na ce, Baba, Yaya yana jin kamar ba ka murna. Ya ce ranar da motar ta zo bai runtsa ba don daɗi, yaron da ya tafi Dawanau da riga ɗaya. Na ce to ka gaya masa. Ya ce, a ina kika taɓa jin an yi haka?

Asabar, bayan la'asar

An yi, a zaure, a gaban Yaya da Baba Talle. Baba ya juya kwalayen a hannu kamar mai dubawa, ya ciro mai lanƙwasar ya ajiye a tabarma. Ya ce wannan.

Yaya ya ɗauka ya kalla. Na san mai ƙyallin yake so, tun jiya shi yake ta gogewa da gefen riga. Ya ce to. Ya ce Yahya ya gargaɗe shi, marar ƙyallin ba a goge ta da man da ake sa wa mota, ba a cuɗa ta da soso, kuma in aka manna ba abin da za a ɓare gobe ba ne don an canza ra'ayi. Ya faɗa yana kallon Baba Talle. Baba ya ce wa bango ba za a canza ba.

Litinin, da rana

Anti Fauziyya, matar Yaya, ta kira wayar Inna. Ni na ɗauka don hannun Inna da ƙullu. Ta gaishe ni sama-sama ta ce, Ummi, don Allah me motar nan ta yi wa Baba? Mutum ya sayi abu sabo a mai da masa shi bayan tukunya? Ta ce Yaya ba ya cin abinci sosai, in ya dawo sai ya zauna a cikin motar a ƙofar gida shi kaɗai. Maganar famfo ta kai Dawanau, wani ɗan garinmu ya kai ta.

Na ce ga Inna.

Talata, da asuba

Na yi mafarki ina ta kiran wani, murya ba ta fita.

Laraba, da yamma

An fara cirar gyaɗa. Na kai abinci gona, na tarar Baba ya naɗe hannu da tsumma. Ya ce wa 'yan ƙwadago ƙaya ce. Ba ƙaya ba ce, na ga bakin fartanyar.

A hanyar dawowa na bi gabansa kaɗan, ina jan takalmi don ya ji sawuna. Haka muke yi yanzu. In akwai rami sai in yi tari.

Na ce, Baba, ka sake ni daga alkawarin. Ya tsaya. Ya ce saura dawa, saura wake. Ya ce, "Ke fa uwata ce. Ke za ki tona min asiri?" Da wasa ya faɗa, amma ya riƙe kafaɗata da ƙarfi.

Na sake yin alkawari. Ban san me ya sa bakina yake saurin cewa to ba.

Juma'a, bayan azahar

Yaya bai zo ba, motar tana wurin Yahya.

Baba Talle ya shigo da labari. Wai bayan salla liman ya yi wa matasa nasiha a kan son a gani, har ya kawo misali da wani dattijo a garin nan da aka kawo wa duniya har ƙofar gida ya ce a rage mata ƙyalli. Bai kama suna ba, amma kowa ya waiwayo. Baba Talle ya ce, Shafi'i, ashe waliyyi nake cin goro da shi ban sani ba, ka taimaka ka tofa min a gonar wake.

Baba bai yi dariya ba. Tuwonsa ya dawo yadda na kai shi.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya ya zo a motar haya, ya ce in raka shi Ɗanbatta in riƙo wa Inna cefane. Na san ba don cefane ba ne.

A bakin kasuwa ya saya min rake, muka tsaya a inuwar wani shago. Ya ce, Ummi, ke ce kullum a gabansa. Me yake cewa a kaina?

Na ce yana sa maka albarka.

Ya ce albarkar da ake sa wa mutum ana kau da kai? Ya ce shekara da shekaru a kan buhu yake kwana, bai taɓa tauye wa kowa mudu ba, bai taɓa zuba yashi a riɗi ba. Ya ce da wani ne ya zarge shi da ya share, amma mahaifinsa, a gaban gari. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, ko kallo ɗaya bai yi mata ba.

Maganar ta zo min har nan, har maƙogwaro. Na sa raken a baki.

Ya ce shi ke nan. Ranar Juma'a zai kawo ta a gani an yi yadda aka ce. Daga nan ba zai ƙara damun Baba da ganinta ba, ba zai ƙara damunsa da ganin mai ita ba. Abin da za a aiko, direba zai kawo. Ya ce kada in gaya wa Inna.

Yanzu biyu ke nan nake ɗauke da su.

Litinin

Ban ce komai ba.

Talata, da hantsi

Na zuba gishiri a kunu maimakon sukari. Inna ta dube ni ta ce ko aljanu ne. Ta taɓa goshina.

In na faɗa, Baba zai ce uwarsa ta ci amanarsa. In ban faɗa ba, Yaya zai tafi da abin da ba haka yake ba. Kuma farin nan yana ƙara faɗi, jiya na gani. Na ƙirga a raina, dawa, wake, sussuka. Kaka ba ta ƙarewa, wani aikin ne yake kama wani.

Laraba, da yamma

Na tsaya a bayan Inna tana tankaɗe, na buɗe baki. Ta ce miƙo min rariya. Na miƙa.

Alhamis

Gobe.

Asabar, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba. Bari in rubuta yadda ya faru.

Yaya ya iso bayan la'asar. Motar ta zama wata iri. Baƙa ce har yanzu, amma baƙin gawayi, ba ta mayar da komai. Na duba ƙofarta ban ga fuskata ba. Yara suka taɓa suka ce laushi. Wasu samari suka ce haka manya ke yi yanzu a birni. Baba Talle ya ce a wanke ta tukuna sannan ya faɗi ra'ayinsa, aka ce ai a wanke take.

Wancan karon a fili ya ajiye ta. Wannan karon sai ya kawo ta ƙarƙashin dalbejiya, ya gindaya ta daidai kan 'yar hanyar da ta taso daga masallaci zuwa zaurenmu. Ina jin so yake dole Baba ya tsaya ya kalle ta.

Baba ya tsaya lazimi a masallaci, bai san an zo ba. Maza suna zaune a tabarmi, har da liman. Inna ta ba ni kwanon fura in kai bakin zaure. Ina ajiyewa na hango shi tafe.

Hanyar nan da ƙafa ya san ta, ba ya lalube. Tafe yake da saurinsa, carbi a hannu, kai a sama. Rana ta yi ƙasa, inuwar dalbejiya ta yi duhu. Da tana ƙyalli da hasken ya soke shi ya san akwai abu. Abin da ya sa aka cire shi ne kaɗai abin da yake gani a jikinta.

Na yi tari. Hirar maza ta danne. Na sake yi. Kowa yana kallonsa yana jira ya tsaya ya yi magana, shi kuwa bai rage sauri ba.

Ban taɓa magana a gaban maza ba. Ko gaisuwa a ciki nake yi.

Na ce, "Baba, tsaya. Mota ce a gabanka."

Da ƙarfi ta fita, har akuyar maƙwabta ta zabura.

Ya tsaya cak. Tsakaninsa da ita bai kai kamu ɗaya ba. Babu wanda ya yi motsi. Mota kamar ɗaki, da sauran rana, a ce wa mutum ga ta a gabanka.

Baba ya miƙa hannu a hankali har ya same ta. Ya shafa. Ya bi ta da tafin hannu har zuwa madubi. Ya ce, ƙwan zabo.

Yaya ya miƙe. Ya zo gabansa, ya ɗaga ido ya kalle shi a fuska, abin da ban taɓa gani ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Baba, tun yaushe?"

Baba ya juyo inda ya ji muryata ya ce, "Ke yarinya, shiga gida."

Ke yarinya.

Asabar, da yamma

Yaya bai tafi ba, a zaure ya kwana.

Na kai abinci, Baba ya ce in ajiye a bakin ƙofa.

Lahadi, bayan azahar

Na yi kuka a bayan rumbu, Inna ta same ni. Na ɗauka faɗa za ta yi don na ɓoye mata. Ta zauna a kan turmi ta ce, ke a ganinki wa yake kau da turmin nan daga hanya kullum da safe? Wa ya daina shanya a igiyar tsakar gida? Ta ce ita ba a gaya mata ba, don haka ba ta da bakin faɗa, jira take ya faɗa da kansa. Ta ce, ke aka ɗora wa, don ke ba kya musu.

Ta ce in tashi in wanke fuska. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi laifi ba.

Litinin, da yamma

Yaya yana so a kai Baba asibiti, Baba ya ce ba inda za shi. Ya ce ya ga yadda aka yi wa baffansa. Yaya ya ce wannan asibitin ido ne, likitoci ne, yanar ido ce ake cirewa, ya san mutane a Dawanau da aka yi wa suna karanta waya yanzu. Kai tsaye yake masa magana, ba ta kan kowa ba. Baba yana amsa wa bango, amma yana amsawa.

Da Baba ya ce gyaɗa tana ƙasa, Yaya ya tuɓe shaddarsa ya ari tsohuwar rigar Baba ya tafi gona. Ya dawo tafin hannunsa duk ya yi bororo. An daɗe rabonsa da fartanya.

Sa'adiyya ta zo. Wai yanzu a famfo kowa cewa yake da ma shi ya lura.

Laraba, da hantsi

Baba Talle ya wuni a zaure jiya. Ina jin su ta katanga. Ya ce, Shafi'i, ni ban damu ba, ka zauna haka, tun damina nake tsince naman kwanonka ba ka sani ba. Ya ce waliyyin da ya kusa karo da mota. Baba ya ce masa tsohon banza. Can sai na ji Baba Talle ya ce, da wata murya, shi zai raka shi asibitin, zai zauna a bakin ƙofar ɗakin aikin har a fito da shi.

Har yanzu a bakin ƙofa nake ajiye abinci.

Alhamis, bayan asuba

Sun tafi. Baba ya shiga gaba, Yaya ya ɗaura masa bel. Baba Talle ya samu kujerar baya, ya ce an ƙara masa girma daga but.

Na riƙe wa Baba buta da darduma har bakin mota. Ya karɓa ya ja ƙofa. Na ji dawa tana gogar motar har suka fita burtali.

Juma'a

Waya ba ta yi ƙara ba. Na kai ta caji sau biyu.

Asabar, da rana

Yaya ya kira. Za a yi aikin idon dama ranar Litinin. Abin da likita ya ce a kan na hagu, Inna ta shiga ɗaki da wayar ta saurara. Da ta fito ta ɗauki tsintsiya. Ban tambaya ba.

Litinin, da hantsi

Na wanke kwanukan da na wanke. Na tsince wake. Na leƙa zaure, babu kowa, na san babu kowa. In abin bai yi ba, ni ce na tura shi.

Litinin, bayan la'asar

An fito. Baba Talle ne ya karɓi wayar, ya ce waliyyi yana nan da auduga a ido yana neman goro.

Alhamis

Suna gidan Yaya. Anti Fauziyya ke ɗiga masa magani. Bai ce a ba ni wayar ba.

Lahadi, da hantsi

Jiya da yamma suka dawo. Mutane suka cika gida, ban samu na matsa ba. Yana sanye da baƙin tabarau. Na gaishe shi daga nesa cikin masu gaisuwa, ban san ko ya ji ba.

Yau da safe Inna ta ba ni koko. Na je ɗakinsa ba ya nan. Na same shi a ƙofar gida, shi da Yaya, a gaban motar. Rana ba ta yi zafi ba, ya ɗaga tabarau ɗin zuwa goshi. Zagaye ta yake a hankali, hannu a baya, ba ya taɓawa. Ya duba taya, ya duba fitila, ya leƙa ciki. Yaya yana binsa a baya kamar yaro.

Na tsaya a bakin zaure zan ajiye in koma.

Baba ya gama zagayen ya tsaya. Ya ce, "Wa ya ɓata wa yaron nan mota haka? Kamar bayan tukunyar Innarku."

Yaya ya ce, Baba, ai kai ka zaɓa. Dariya yake, yana goge ido da bayan hannu. Ya ce in ba ta yi ba ya mayar wa Yahya a ɓare. Baba ya ce a bar ta, burtalinmu da ƙaya, kuma zai riƙa zuwa duk Juma'a. Bai tambaye shi ba, faɗa masa ya yi. Yaya ya ce to.

Sai Baba ya ce ai ba shi kaɗai ya zaɓa ba, su biyu ne. Ya juyo. Ya dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, da ido ɗayan nan, ya daɗe.

Ya ce, "Uwata, yaushe kika yi tsawo haka?"

Na miƙa masa kofin. Hannunsa ya zo kai tsaye ya karɓa.